Daji a ƙashi: da gaske ne in ƙarfe ya taɓa shi fantsama yake?

Bn_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Magana biyu ke yawo a gari. Ta farko, in aka ce mutum na da daji a ƙashi, kada a bari allura ko wuƙar likita ta kusanci wurin, wai daji ba ya shiri da ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fantsama. Ta biyu, wai duk wanda ya kai kansa asibiti da wannan ciwo, ƙarshenta yanke ƙafa za a yi. Su ke hana mutane zuwa. Ku fayyace muna, kuma daga ranar da aka ga kumburi, me ake farawa da shi, me ke bi masa?

Likitan_Ƙashi:
Wa'alaikumus salam Malam Bn_Mabera. Bari mu fara da sanin ciwon. Dajin da ke tsirowa daga ƙashi kansa ba shi da yawa. A jikin manya, galibin dajin da ake gani a ƙashi daga wani wuri ya taso, nono ko huhu ko furostet, ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, wannan babinsa daban. Wanda ya fi kama samari da 'yan mata shi ne ostiyosakoma, yawanci tsakanin shekara 10 zuwa 20, lokacin da yaro ke miƙewa. Gwiwa ya fi so: ƙarshen ƙashin cinya ko kan ƙashin ƙwauri, sai kuma saman dantse kusa da kafaɗa.

Alamarsa ta farko ciwo ce, ba kumburi ba. Ciwon da ke tada yaro daga barci, ba ya lafawa in an huta, yana ƙaruwa mako bayan mako. Kumburi daga baya yake zuwa, da tauri kamar dutse, da ɗumi, wani lokaci ka ga jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a fatar wurin. Targaɗen ƙwallo cikin sati biyu zuwa uku ya kamata ya yi sauƙi. In ya wuce haka yana gaba, a yi hoto.

Jerin aikin kuwa haka yake: hoton ƙashi na eksire ta fuska biyu, gaba da gefe. Sai hoton MRI, mai nuna ɓargo da tsoka, na ƙashin gaba ɗayansa, daga gaɓa zuwa gaɓa, don ciwon kan yi tsalle ya ajiye ɗa a sama. Sai hoton CT na ƙirji, saboda huhu ne masaukinsa na farko. Bayan duk wannan ne ake ɗibar tsoka a auna. Ba a fara ɗiba kafin MRI, jinin da zai taru a wurin yana ɓata hoton.

ƊanWurno:
Dakta ba ka amsa ta ƙarhen ba. Mutane sun ga waɗanda anka taɓa, abin ya hwashe ya zan gyambo. Ba ƙarya suka yi ba.

Likitan_Ƙashi:
ƊanWurno, ban ƙaryata idonsu ba. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta karkace. Ba ƙarfen ne matsala ba, hannun da ya riƙe shi ne da hanyar da ya bi. Duk inda allura ko wuƙa ta ratsa ta shiga ƙarin, ana ɗaukar wannan hanya ta gurɓace da ƙwayoyin daji. Shi ya sa likitan da zai yi babbar tiyata, ko wanda ya yi shawara da shi, shi ya kamata ya ɗebi tsokar. Zai bi ta layin da zai tsaga gobe, ranar tiyata ya yanke hanyar allurar tare da ƙarin, a fitar da su dunƙule guda.

Yanzu ka ɗauki wanda ya ga kumburi ya zaci maruru ne, ya tsaga a kwance maimakon a tsaye, ya matse, ya cusa auduga. Ya buɗe wa ciwon ƙofa zuwa fata da tsokokin da ba su kamu ba. Ƙafar da za a iya ceta, shi ya yanke mata hukunci. Haka sakiya, haka tsaga, haka ƙaho. Dukansu da ƙarfe ake yi kuma, amma ban taɓa jin an hana su ba.

Maman_Ilham:
Wannan magana ta ƙarshe ta Dakta ta shige ni. Allurar asibiti ake gudu, amma ana miƙa wa wanzami.

Gwajin_Tsoka:
In ƙara a kan ɗibar tsoka, don nan ma ana ɓarna. Abin da aka ɗebo a jefa shi cikin ruwan fomalin mai kashi 10 nan take, ruwan ya ninka tsokar kamar sau goma. Ba ruwan gishiri ba, ba sifirit ba, kuma kada a sa a firiza. In akwai ƙashi mai tauri a ciki sai an jiƙa shi a sinadari ya yi laushi kafin a iya yanka shi sirara, shi ya sa sakamakon ƙashi ya fi na sauran tsoka daɗewa, sati biyu ba abin mamaki ba ne. A haɗa da hoton eksire da bayanin shekarun mara lafiya a takardar, mai dubawa yana buƙatarsu. Ƙashin da ke ɗinkewa bayan karaya yakan yi kama da daji a madubin gwaji in ba a faɗa masa tarihin ba.

Kuma haƙƙinku ne ku nemi gilasan gwajin da dunƙulen kakin da aka daskarar da tsokar in za ku Zariya ko Kano ko Abuja neman ra'ayi na biyu. Da su ba sai an sake huda yaro ba.

Ɗan_Sarkin_Ɗori:
Ranka ya daɗe Dakta, kada a yi muna kuɗin goro. Mai ɗorin da ya san sana'arsa yana da ƙa'ida. Karaya tana da dalili: faɗuwa daga mashin, daga bisa icce, harbin jaki. In aka kawo yaro ƙashin cinya ya karye don kawai ya taka dakali ko ya juya bisa gado, wannan ba karayar ɗori ba ce, ƙashin ne ya ruɓe daga ciki. Haka in kumburi ya riga karaya zuwa. Irin wannan a ɗaure shi sama-sama don kada ya motsa, a tura asibiti, ba ja, ba murza.

Likitan_Ƙashi:
Na karɓi gyara. Da kowa zai riƙe wannan ƙa'ida da an rage rabin wahala. Murzar ita ce babbar illa, da man zafi da gasawa da ruwan zafi. Ƙarin cike yake da jini, ƙashin kuma ya yi rauni.

SistaArkilla:
Akwai abin da ke ruɗa mu a nan Sakkwato musamman: sikila da ciwon ƙashi mai mugunya. Duka suna kawo ciwo da kumburi da zazzaɓi. Akwai kuma wani dajin, Yuwin sakoma, da ke zuwa da zazzaɓi kamar ciwon ƙwayar cuta sak. Sai a yi ta ba yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta wata biyu. In an ba da magani sati biyu kumburi bai ja baya ba, a sake hoto, a kwatanta da na farko. Don haka ku adana kowane fim, ku rubuta kwanan wata a kan ambulan, kada a naɗe shi, kada a bar shi a mota cikin rana.

Bn_Mabera:
To mun fahimci ta ƙarfe. Saura ta yanke ƙafa.

Likitan_Ƙashi:
Ba dole ba ne, amma ba zan ɓoye ba, a nan tana yawa. A ƙasashen da ake kai yaro da wuri, takwas zuwa tara cikin goma ana ceton ƙafarsu. Ana yanke ɓangaren ƙashin da ya kamu tare da lafiyayyen nama kewaye da shi, a maye gurbinsa da ƙashin ƙarfe mai gwiwa. Sharaɗinsa: ƙarin bai naɗe babbar jijiyar jini da jijiyar motsi da ke bayan gwiwa ba, fata ba ta fashe ba, babu mugunya, kuma akwai isasshiyar tsoka da za ta rufe ƙarfen. Wanda ya zo bayan wata takwas, gwiwa ta kai girman kankana, an yi mata tsaga tana ɗiga, waɗannan sharuɗɗa sun riga sun rushe. Ga tsadar ƙarfen, daga waje ake odarsa da dala.

Abu ɗaya nake so iyaye su ji. In an cire ƙarin duka da tsabtataccen gefe, ceton ƙafa da yankewa ba su da bambanci wajen tsawon rai. In kuwa aka nace sai an bar ƙafa aka bar guntun daji a ciki, zai dawo, kuma dawowarsa ta fi zuwansa muni.

Kafin tiyata ma akwai kemo, wato maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya zagaye-zagaye, kamar sati 10. Sai tiyata. Sai a koma kemo bayan sati biyu zuwa uku in rauni ya kama. Gaba ɗaya wata bakwai zuwa takwas, in ba a samu tsaiko ba.

ƊanWurno:
To in an yanke ƙahwa an yas da ciwon, mi ad dalilin komawa ga wanga magani mai zub da gashi? Ba cin kuɗi ba na?

Famasi_RunjinSambo:
Yaya ƊanWurno, a nan ne ake asarar yara da yawa. Kafin shekarun 1970, tiyata kawai ake yi, kuma kusan takwas cikin goma ciwon na bayyana a huhu daga baya, duk da an yanke ƙafar. Ma'ana ƙwayoyin sun riga sun tafi tun kafin hoto ya iya ganinsu. Kemo su yake bi. Da kemo da tiyata tare, wanda ciwonsa bai bazu ba, shida zuwa bakwai cikin goma na wuce shekara biyar. Wanda ya yanke ya gudu ya mayar da kansa lissafin da.

Magungunan uku ne, kowanne da inda yake cizo. Doksorubisin, jan nan, zuciya yake taɓawa, don haka a yi hoton zuciya kafin a fara, kuma akwai iyakar abin da mutum zai sha a rayuwarsa, a rubuta jimillar a kati. Fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, kalar maganin ce. In ana ɗura shi wurin allurar ya fara zafi ko kumbura, a kira nas a tsayar nan take, in ya zuba ƙarƙashin fata yana cin nama. Sisfilatin ƙoda da ji yake taɓawa, ana haɗa shi da ƙarin ruwa mai yawa, in yaro ya ce kunnensa na ƙara a gaya wa likita kafin zagaye na gaba. Na uku metotireksat mai yawa, ba a ba da shi sai inda za a iya auna yawansa a jini a kuma bi shi da maganin da ke karya dafinsa a kan lokaci. Inda babu wannan awo, likitoci kan tsaya a kan biyun farko.

Kuma don Allah, mai shan waɗannan kada a saya masa daikulofenak ko aibufurofen ko Septrin a kemis ba da sanin likita ba. Da metotireksat suna iya zama guba.

SistaArkilla:
Ga kuma zafin garin nan. Watan Afrilu da Mayu sama da digiri 40 ake yi, yaro na amai, ga sisfilatin a jiki. Ƙoda ba ta ɗaukar wannan. A riƙa duba fitsari: in ya ragu ko ya yi duhu kamar shayi, a dawo asibiti a yi ƙarin ruwa. Maganin amai a sha shi a kan lokaci, ba sai aman ya zo ba.

Mafi hatsari shi ne kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, lokacin da sojojin jini ke faɗuwa ƙasa. Ku sayi ma'aunin zafi ku ajiye a gida. In ya nuna 38, ko ƙarfe biyun dare ne, asibiti. Kada a ce maleriya ce a ba da farasitamol a jira gari ya waye. Ko maleriyar ce, a can za a gwada. Gidan sauro dole, ruwa a tafasa, a ajiye salak da kwaɗon ɗanyen ganye da furar kan titi tukuna, masu zuwa dubiya da mura su gaisa daga ƙofa.

Maman_Ilham:
Sista azumi fa? Samari suna jin kunya a gan su suna ci.

Malam_Kanwuri:
Hajiya, mara lafiya Alƙur'ani ya ba shi rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama in ya warke. Wanda likita ya ce ƙodarsa za ta cutu, shan ruwa ne daidai a kansa, ba gwaninta ba ce ya ƙi. Salla kuma hadisin Imrana ɗan Husaini ya raba gardama: a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefe. Alwala, in akwai bandeji a gaɓar alwala a shafa a kansa. In an yanke ƙafa sama da idon sawu, wankinta ya faɗi, a wanke ɗayar. Gaɓar da aka yanke a naɗe ta a ƙyalle a binne, ba a yi mata salla. Masu cewa gara ya mutu da ƙafarsa su tuna Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga manyan malaman Madina, an yanke masa ƙafa a Sham saboda ciwo, ya koma ya ci gaba da karantarwa.

ƊanWurno:
Allah gafarta Malam, wagga ta shiga.

Gawon_Nama_01:
Ni na ji an ce akwai na'urar gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Me zai hana a gasa ciwon kawai a huta da tiyata?

MaiGashinƘashi:
Gashi biyu ne, kada a haɗa. Namu gashin ƙashi motsa gaɓoɓi ne da koya wa mutum tafiya, bayan tiyata muke shigowa. Wanda kake nufi na haske ne mai ƙona ƙwayoyin daji. Kuma kada wanda ke da kumburin da ba a san asalinsa ba ya zo a sa masa fitilar zafi.

Likitan_Ƙashi:
Sashen gashin daji yana nan a asibitin koyarwa, gaskiya ne. Amma ba kowane daji ke jin gashi ba. Yuwin sakoma yana ji sosai, shi da kemo. Ostiyosakoma taurin kai gare shi, gashi ba ya maye gurbin tiyata, sai dai rage ciwo ko inda wuƙa ba ta isa. Akwai na uku, kwandirosakoma, na guringuntsi, ya fi kama manya daga shekara 40 zuwa sama, sau da yawa a ƙugu. Shi galibinsa ba ya jin kemo ba ya jin gashi, tiyata ce maganinsa. Kun ga dalilin da ya sa ba a fara komai sai an san sunan ciwon. Akwai ma ƙarin da ke cin ƙashin gwiwa a 'yan shekara 20 zuwa 40 wanda yawanci ba daji ba ne, kankare shi ake yi a cike ramin da siminti na ƙashi. Wanda ya ƙi gwaji don tsoro, wataƙila ma irin wannan gare shi.

MaiGashinƘashi:
Bari in yi bayanin bayan tiyata, don nan ake sakaci, kowa ya gaji kuɗi sun ƙare.

Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙarshen cinya, galibi cikin 'yan kwanaki ake tada shi da sanduna, a fara lanƙwasa gwiwa a hankali. Wanda aka sa wa a kan ƙwauri daban ne: an sake ɗinka igiyar da ke miƙe gwiwa, don haka ƙafar a miƙe take zama kamar sati shida. Wanda ya yi gaggawar lanƙwasawa ya tsinke ɗinkin, ya rasa ƙarfin miƙe ƙafa. Tsuguno a masai da zaman tahiya a ƙasa a jinkirta su sai likita ya ce. A samo kujerar roba a huda tsakiyarta. Ƙwallo da tsalle an yi sallama da su, ƙarfe yana sassautowa.

Wanda aka yanke kuwa, kuskure na ɗaya matashin kai ne. Uwa don tausayi sai ta tura matashi ƙarƙashin dungun. Sati uku a haka gaɓar ta ƙage a lanƙwashe, ƙafar roba ba za ta zauna daidai ba. In sama da gwiwa aka yanke, ya riƙa kwanciya rub da ciki minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a yini. In ƙasa da gwiwa ne, in ya zauna a sa katako ko benci gwiwar ta miƙe, kada ta yi lilo. Bandeji mai talewa a naɗa shi a gicciye, ya fi matsewa a ƙarshen dungu yana sassautawa zuwa sama. In aka yi masa zobe-zobe aka matse sama, ƙarshen zai kumbura kamar tulu. A kwance a sake naɗawa duk bayan 'yan sa'o'i, a duba fata.

Awon ƙafar roba sai rauni ya warke kumburi ya sauka, sati shida zuwa takwas ko fiye, kemo na jinkirta shi. Dungu zai ci gaba da ramewa, kwaryar farko da dungun ke shiga za ta yi masa yawa cikin watanni, a sa wannan a lissafi. Yaro mai girma kuma zai yi ta canji. Asibitin ƙashi na Dala a Kano na da wurin haɗa su, a nan kuma a tambaya a asibitin ƙashi na Wamakko ko asibitin koyarwa su nuna hanya.

Maman_Ilham:
Ana cewa wasu suna jin ƙaiƙayi a yatsun da aka yanke. Har a fara zancen iska.

MaiGashinƘashi:
Ba iska ba ce Hajiya, mafi yawansu suna ji. Ƙwaƙwalwa ce ba ta goge taswirar ƙafar ba. Wani ƙaiƙayi, wani kamar wuta ko an murɗe yatsa. Bubbuga dungu a hankali na taimakawa, akwai magungunan jijiya da likita ke rubutawa, akwai kuma dabarar madubi: a jingina shi tsakanin cinyoyi, ya kalli lafiyayyar ƙafa a ciki yana motsa ta minti 10 zuwa 15. Hatsarin da dare ne, ya farka ya manta ya taka ƙafar da babu, ya faɗi a kan ɗinki. A ajiye kujera a bakin gado ta tare shi.

Famasi_RunjinSambo:
Kuɗi kuma a yi lissafinsu tun farko, na dukan zagayen, ba na farko kaɗai ba. Ya fi a zauna da dangi rana ɗaya da takardar likita a hannu, a je ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti, a kai takarda Hukumar Zakka da Waƙafi. Tsallake zagaye don jiran kuɗi yana ba ciwon hutu. Kuma a tanadi masu ba da jini biyu ko uku kafin ranar tiyata.

Gwajin_Tsoka:
Bayan tiyata a karɓi sakamako na biyu, mutane na mantawa da shi. Abu biyu yake faɗa: ko gefen da aka yanka tsabtatacce ne, da kuma kashi nawa na ƙarin kemo ya kashe. Kashi 90 zuwa sama alama ce mai kyau.

Bn_Mabera:
To in an gama kemo shi ke nan an sallami mutum?

Likitan_Ƙashi:
Da sauran zirga-zirga. Shekara biyun farko duk wata uku, hoton ƙirji da na wurin tiyata, daga nan a riƙa tsawaitawa, har shekara goma ana leƙowa. Ba sai an ji tari ba, ƙullin huhu ba ya magana yana ƙarami, kuma in 'yan kaɗan ne ana iya cire su da tiyata. Wanda ke da ƙarfe a jiki, duk ranar da wurin ya yi ja ko ya fara tsatsar ruwa, ko bayan shekara biyar ne, ya zo kafin ya sha komai.

ƊanWurno:
Ni dai har yanzu ina ganin in kumburin ya riga ya yi girma, tsohon da ya ce a bar mai ƙahwatai ba za ka ga laihinai ba.

SistaArkilla:
Ba a ga laifinsa ba Yaya, amma a kai shi ya ga yadda ƙarin ke zama in ya fashe, warin da jinin da rashin barcin. Ko ciwon ya kai huhu, wani lokaci ana yankewa don yaron ya samu ya kwanta. Kuma a tambayi yaron shi ma, ɗan shekara 16 ya san abin da yake ji.

Ɗan_Sarkin_Ɗori:
Dakta, wanda ƙashin ya riga ya karye ta wurin ƙarin fa, shi ma yankewa ce kai tsaye?

Likitan_Ƙashi:
Ba kai tsaye ba. A sa filasta ko abin ɗauri daga waje, a fara kemo, a sake MRI a gani. Wasu karayar na kamewa in maganin ya karɓe su. Abin da ba a so shi ne a buɗe a sa faranti da kusoshi ko a zura sanda cikin ɓargo kamar karaya ta yau da kullum, don sandar za ta kwashi ƙwayoyin ta kai su har saman cinya.